Amanar Jingina Magana Ga Mai Ita: A Cikin Shafi Ko A Ƙarshen Littafi?



Ya ku ƴan'uwa, mas'alar da muke son mu duba tare a wannan fitowa ƙarama ce a ido, har wani zai ce aikin masu ɗab'i ne da ɗaliban jami'a, ba ta kai a kawo ta gaban jama'ar masallaci ba. Ga ta: idan marubuci ya ɗauko magana daga littafin wani, a ina ya kamata ya faɗi inda ya ɗauko ta? Shin nan take, a jikin maganar, da sunan mai littafi da sunan littafin da maɗaba'a da shekara da shafi? Ko kuwa ya isa ya ɗiga wata ƴar lamba, ya tara sunayen duka a ƙarshe, mai bukata ya je ya nema? Ƴaƴanmu da ke rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a Jami'ar Musulunci ta Say, ko a jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, kullum suna cin karo da wannan tambaya, kuma galibi ana amsa musu ita da cewa su bi tsarin da sashensu ya zaɓa. Mu dai muna ganin akwai amana a ƙarƙashinta, kuma amana ba ta da ƙarama.

Sai mu fara da yadda aikin yake a yau. A shekarar 1978 wani malamin lissafi na Amurka, Donald Knuth, ya ƙago wani tsari na jera haruffan ɗab'i a kwamfuta mai suna TeX. Leslie Lamport ya gina LaTeX a kansa, sa'an nan a 1985 aka samu BibTeX, wanda Oren Patashnik ya rubuta domin kula da manazarta. Yadda yake aiki kuwa shi ne, marubuci yana da wani rumbu dabam inda yake zuba bayanin kowane littafi da ya yi amfani da shi, ya ba kowanne wani ɗan laƙabi. A cikin rubutunsa laƙabin kaɗai yake ambata. Na'ura ita ke ɗebo cikakken bayani daga rumbun, ta jera shi a ƙarshen kundi, ta bar lamba ko suna da shekara a wurin da aka yi maganar. Da aka ga akwai masu bukatar bayanin ya fito cikakke a tsakiyar rubutu, sai Patrick Daly ya rubuta wani ɗan ƙari mai suna bibentry, wanda ke karanta jerin da aka riga aka shirya, ya ajiye kowane bayani, ya sauke shi duk inda aka kira laƙabinsa, ko da ba a buga jerin a ƙarshe ba. Daga baya, a 2006, Philipp Lehman ya fito da biblatex, wanda ke yin wannan aiki da umarni guda, wato \fullcite. Ke nan abin da a da ke cin wa mai kwafe littafi tawada da dare, yanzu kalma ɗaya ce. Wahala ta tashi daga wuyan marubuci, abin da ya rage masa shi ne zaɓi, kuma a kan zaɓi ake yi wa mutum hisabi.

Malamanmu na farko sun riga kowa shiga wannan mas'ala, kuma ba su tsaya a kan hanya ɗaya ba. Duk wanda ya buɗe Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda ya rasu a 179 bayan Hijira, zai ga isnadi ne ke gaba, matani na biye. Kafin ka ji abin da aka faɗa, sai ka ji wanda ya faɗa, da wanda ya faɗa masa. Haka Buhari ya yi, haka Muslim. A gabatarwar Sahihinsa, Muslim ya kawo bayanin Ibnu Sirin cewa da farko mutane ba su damu da tambayar isnadi ba, sai da fitina ta auku aka fara cewa kowa ya ambaci mutanensa. A nan ne kuma ya kawo matsayin Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yanki ne na addini, domin in babu shi kowa zai faɗi abin da ya ga dama. Wannan shi ne cikakken jingina a jikin magana, kuma duk hadisin da aka yanko daga littafin yana tafiya da shaidunsa a goye, kamar yadda saniya ke tafiya da shaidar da aka ɗora mata ko an kai ta wace kasuwa.

To amma littattafai sun yi nauyi, himma kuma ta ragu. Sai Imamu Bagawi, wanda ya rasu a 516, ya tattara Masabihus Sunna ya sauke isnadai domin sauƙaƙa wa masu ibada, yana mai dogara ga amincin manyan littattafan da ya ɗebo daga cikinsu. Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma littafin ya karɓu. Duk da haka bayan shekara fiye da 200 sai da Haɗibut Tibrizi ya zauna ya bi hadisan ɗaya bayan ɗaya, yana mayar wa kowanne sunan sahabin da ya ruwaito shi da littafin da ya fitar da shi, ya kammala a 737, ya kira aikin Mishkatul Masabih. A lura da wannan da kyau. Abin da marubuci ɗaya ya sauke domin ya huta da mai karatu, wani malami ne ya ɗauke shi a ka daga baya, da wahala ninkin ba ninkin. Imamu Nawawi a Riyadus Salihina ya bi hanya ta tsakiya: sunan sahabi a farko, sunan mai littafi a ƙarshe, babu dogon isnadi. Shi kuwa Suyuɗi, wanda ya rasu a 911, mutumin nan da ya taɓa aiko wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, a littafinsa Jami'us Sagir haruffa ya sa: harafi guda na nufin Buhari, wani na nufin Muslim, haka har ƙarshe. Wannan ba shi da bambanci da ƴar lambar da ɗaliban yau ke ɗigawa.

Wanda ya fi kusa da mu ma shi ne Muhtasar na Shehu Halil, da ake karantawa a zaurukanmu. A gabatarwarsa ya shimfiɗa mabuɗansa: akwai lafazin da in ya faɗe shi Mudawwana yake nufi, akwai na Lahmi, akwai na Ibnu Yunus, akwai na Ibnu Rushdi, akwai na Maziri. Kalma guda tana ɗauke da sunan malami da matsayin maganarsa. Wannan hikima ce babba, kuma ta yi aiki ƙarni bayan ƙarni. Amma me ya sa ta yi aiki? Domin ba a karanta Muhtasar a tsaye a bakin hanya. Ana karanta shi ne a gaban malami, daga farko, kuma mabuɗan suna cikin kan ɗalibi kafin ya kai babin tsarki. Ishara tana isar wanda mabuɗi ke hannunsa. Wanda aka miƙa wa shafi guda daga tsakiya, bai san gabatarwa ba, ba zai ga sunan kowa a wurin ba.

A nan ne muke ganin zamaninmu ya sauya hukuncin abin. Rubutu a yau ba ya tafiya a dunƙule. Ɗalibi yana ɗaukar hoton shafi guda da salula ya tura wa abokansa. Mai shago yana buga kwafen shafi uku daga littafi mai shafi 400. Malamin jami'a yana haska jimla biyu a bango lokacin lacca. Saƙo yana yawo a WhatsApp daga Maraɗi zuwa Kumasi kafin a yi sallar azahar, da lamba 17 a maƙale a ƙarshen jimla, alhali jerin da lambar ke nuni gare shi yana can a shafin da ba wanda ya ɗauka. Lambar ta zama igiya ba guga. Mai karatu yana ganin alamar cewa akwai madogara, zuciyarsa ta natsu, amma ba shi da hanyar zuwa gare ta. Mu a ganinmu wannan ya fi rashin lambar haɗari, domin maganar da ba ta da alama ko kaɗan tana sa mutum ya yi hattara, wadda ke da alamar da ba ta kai ko'ina kuwa tana sa shi ya saki jiki.

Turawa ma sun yi wannan muhawara. Lokacin da Edward Gibbon ya fitar da juzu'in farko na tarihin faɗuwar daular Rum a 1776, a ƙarshen littafi aka tara bayanan madogararsa. David Hume ya rubuta wa mai ɗab'in yana kukan cewa ana wahalar da mai karatu da juye-juyen shafi, sai aka dawo da su ƙasan kowane shafi a bugun da suka biyo baya. Tsarin suna da shekara ana danganta farkonsa ga wani malamin ilmin dabbobi na Jami'ar Harvard, Edward Mark, a 1881. Tsarin lambobi na likitoci kuwa ya samo sunansa daga taron da editocin mujallun likitanci suka yi a birnin Bankuba na Kanada a 1978. Kowane tsari yana da uzurinsa, kuma uzurin masu taƙaitawa ba na banza ba ne: takarda tsada gare ta, jimlar da aka cusa wa layi uku na sunaye tana yanke wa mai karatu numfashi, kuma binciken da ya dogara ga littattafai 200 ba zai karantu ba in kowanne ya baje kayansa a tsakiyar hanya. Ba mu ce a jefar da waɗannan tsare-tsare ba. Abin da muke cewa shi ne marubuci ya tambayi kansa: wannan magana da nake rubutawa, ita kaɗai za ta yi tafiya ko da littafin? Idan takarda ce mai shafi ɗaya, ko jerin littattafan da ɗalibai za su nema, ko fatawa, ko wata magana da ta shafi halal da haram ko lafiyar jikin mutane, to a sa mata cikakken jingina a jikinta, ko a ƙasan shafinta, tun da na'ura ta ɗauke wahalar. In an sake ambaton littafin a gaba, ishara ta wadatar.

Haƙƙi biyu ne ke rataye a nan, kuma mutane sun fi kula da ɗaya. Na farko haƙƙin mai maganar ne, kada a ci guminsa a shafe sunansa. Wannan kowa ya san shi, kuma malamanmu sun daɗe suna cewa albarkar ilmi tana cikin mayar da shi ga mai shi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusuhi, domin kawai ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Na biyun shi ne haƙƙin mai karatu, wato a ba shi ikon ya ƙaryata ka in ka yi kure. Wanda ya rubuta suna da shafi ya miƙa wa mai karatu sandar da za a iya dukansa da ita. Wanda ya ce “malamai sun ce”, ko “bincike ya nuna”, ya ɓoye sandar a bayansa. Kuma mu masu hawa mumbari mun fi kowa bukatar jin wannan, domin jama'ar da ke gabanmu ba ta ɗaga hannu ta ce a wane littafi.

Sai dai kada wani ya fahimci cewa da zarar an cika suna da shekara da shafi, amana ta sauka. Masu ƙirƙirar hadisai ba su taɓa rasa isnadi ba. Sun san kasuwa ba ta karɓar matani tsirara, saboda haka suka riƙa ɗinka masa riga mai kyau, wani lokaci ma da sunayen manyan mutane. Abin da ya sa ke nan malaman hadisi ba su tsaya ga ganin isnadi ba, suka kafa ilmin sanin maruwaita, suna tambaya ko wane ya haɗu da wane, a wane gari, yana da shekara nawa. A 2023, a wata kotun tarayya da ke birnin New York, an ci tarar wasu lauyoyi dalar Amurka 5,000 saboda sun gabatar da takarda mai ɗauke da hukunce-hukuncen da suka ce kotuna sun yanke a baya, da sunaye da lambobi da shekaru cif-cif, alhali babu su a duniya. ChatGPT ne ya ƙaga musu, su kuma ba su je sun duba ba. Jinginar ta cika ta batse, abin da aka jingina gare shi ne babu.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne littafin yana nan, maganar tana nan, amma mai jinginawa bai taɓa buɗe shi ba. A 2003 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Simkin da Roychowdhury, sun bi sawun wata shahararriyar maƙala ta ilmin fiziya da aka ambata kusan sau 4,300. Sun tarar da kuren rubutu a ambato 196, amma nau'in kuren 45 ne kacal, kuma kure guda a lambar shafi an maimaita shi sau 78. Mutum 78 ba sa yin tuntuɓe iri ɗaya a kan dutse ɗaya sai in bin juna suke yi ido rufe. Daga nan suka ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar ne kawai na masu ambato ke karanta asalin abin da suka ambata. Malaman hadisi da irin wannan dabara suke kama mai satar ruwaya, wato in kuren wani ya bayyana a bakinsa. Rumbun kwamfuta kuwa ya ƙara wa abin gudu, domin bayanin da aka shigar da kure sau ɗaya zai fito da kurensa a duk inda aka kira shi, kuma ɗalibai suna kwafar rumbun junansu.

Wanda ke ganin wannan ba ya kashe kowa, to ya saurari abin da ya faru a Amurka. A 1980 mujallar likitanci ta New England ta buga wata gajeriyar wasiƙa mai jimla biyar daga Jane Porter da Hershel Jick na birnin Boston. Sun ce a cikin majinyata 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu sa maye, dangin su tramol da muka san ɓarnarsa a garuruwanmu, huɗu kaɗai aka tabbatar sun kamu da jarabar maganin. Amma majinyatan nan a kwance suke a asibiti, ana ba su magani a ƙarƙashin idon likita. Wasiƙar ba ta yi magana a kan wanda za a sallama ya tafi gida da kwalba ya yi wata da watanni yana sha ba. A 2017 wasu masu bincike na Kanada suka ƙirga, suka tarar an ambaci wasiƙar sau 608, kashi 72 cikin 100 na masu ambaton sun kafa hujja da ita cewa kamuwa da jarabar abu ne mai wuyar aukuwa, kuma kusan kashi 81 ba su faɗi cewa majinyatan na kwance a asibiti ba. A tsawon waɗannan shekaru aka buɗe ƙofar rubuta magungunan, jama'a masu ɗimbin yawa suka halaka. Ba wasiƙar kaɗai ta jawo musibar ba, akwai kwaɗayin kamfanoni a ciki, amma ita ce hujjar da aka riƙa ɗagawa. Da a ce kowane mai ambato ya rubuta a jikin jimlarsa cewa wasiƙa ce ga edita, mai shafi ɗaya, a kan majinyatan asibiti, da wuya ta yi nauyin da ta yi. A bayan ƴar lamba, wasiƙa mai jimla biyar da binciken shekara goma tsayinsu ɗaya.

Wata ƴar matsala kuma ta shafe mu musamman, mu masu ambaton littattafan Larabci da na ajami. An gina waɗannan na'urori ne a kan sunayen Turawa, saboda haka BibTeX yana ɗaukar kalmar da ta fara da ƙaramin harafi a tsakiyar suna, irin “ibn”, a matsayin ɗan ƙarin da ke gaban sunan dangi, sai ya yanka sunan malami yadda bai dace ba, in marubuci bai kulle sunan da hannunsa ba. Tsarin suna da shekara kuma yakan haifar da abin dariya, ka ga an rubuta Buhari da shekarar 2002, alhali bawan Allah ya rasu tun 256 bayan Hijira, shekarar bugun Bairut ce aka liƙa masa. Lambar shafi ma ba ta da tabbas, tun da bugun Alƙahira dabam, na Bairut dabam. Shi ya sa ga hadisi ya fi kyau a ambaci kitabi da babi da lamba, a kuma faɗi lambar wa aka bi, kamar ta Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi a Sahihu Muslim. Irin wannan bayani ba ya shiga cikin baka biyu da shekara, sai an ba shi fili.

Abin da ya fi wuya ga rai shi ne mutum ya rubuta cewa bai ga asalin ba. Rai yana son a ce ya karanta Mudawwana, alhali a wani ɗan littafi na zamani ya tsinci maganar. Malaman hadisi suna da suna ga wanda ke ɓoye wanda ya ji daga bakinsa, ya haura zuwa na sama domin isnadinsa ya yi tsawo a daraja, suna kiran aikin tadlisi, kuma suna rage darajar ruwayar mai yin sa ko da bai yi ƙarya a lafazi ba. Ɗalibin da ya kwafe jerin manazartar wani ya zuba a ƙarshen kundinsa, ko limamin da ya ambaci Fathul Bari alhali a saƙon salula ya gani, ƙofar da suka shiga ke nan. Gyaran kuwa kalma biyu ce: “ta hanyar wane”. A rumbun na'urar akwai gurbin ƙarin bayani da za a iya rubuta wannan, amma ba ta cika shi da kanta, domin ba ta san abin da idon marubuci ya gani ba.

Imamu Malik, da girmansa, a wurare da dama cikin Muwaɗɗa bai kawo isnadi ba, sai ya ce labari ya iso masa, bai ƙara ba. Bai ɗinka wa maganar sunayen da bai ji daga gare su ba, ko da yake da ya yi, ba mai tuhumarsa a Madina. Saboda ya bar gurbin a buɗe, kowa ya gan shi, malamin Andalus Ibnu Abdil Barri, wanda ya rasu a 463, ya bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya ya samo musu isnadi ta wasu hanyoyi, in ban da guda huɗu da ya bayyana cewa bai samu ba. Waɗannan huɗun kuma Ibnus Salahi, wanda ya rasu a 643, ya keɓe musu risala ta musamman.